Maganar da Na Ƙi Fassarawa

Har gobe ban manta da ranar Talatar da na ƙi fassara maganar dattijo a gaban jama'a ba. Lokacin ina shekara ta uku ina aikin tafinta a ofishin wata lauya, Puan Salmah, a Kuala Lumpur. Karatun digiri na biyu ya kawo ni, sai bakina ya kama Malay, na zama wanda ake bugo wa waya idan ɗan Arewa ya faɗa hannun 'yan sanda.

Wanda ya faɗa a wannan karon Nura ne, ɗan Kano, saura masa zango ɗaya ya gama jami'a. Ya taso daga liyafar abokai da la'asar, motarsa ta yi karo da babur a Wangsa Maju. Mai babur ɗin, Pak Cik Roslan, magidanci ne mai kai wa mutane abinci, ƙafarsa ta karye. Aka sa Nura ya hura na'ura, ta nuna ya sha har ya wuce ƙa'ida.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku riƙe wannan bambancin. Tuƙi da giya a jiki laifi ne guda. Tuƙi da giya har ka jikkata wani laifi ne daban, kuma ɗaurinsa na shekaru ne. Da na biyun aka tuhumi Nura. Hanyar da ta rage mana ita ce lauya ta rubuta wa mai gabatar da ƙara wasiƙar neman a sauko da tuhumar zuwa ta farko, amma sai da hujja.

Da aka ba da belinsa, Puan Salmah ta ja min kunne cewa kada wani namu ya kusanci Pak Cik Roslan, domin shi ne babban shaidan gwamnati. A zuciyata na ce wannan baiwar Allah ba ta san mutanena ba. Kafin la'asar saƙo ya zagaya cewa Malam Bala, dattijon ɗaliban digirin digirgir na unguwar Danau Kota, zai ja tawaga zuwa asibiti dubiya da ban haƙuri. A gida haka muke yi: manya su je, a ba da haƙuri, a roƙi a janye ƙara, magana ta mutu. Nan kuwa ƙarar ta hukuma ce, kuma roƙon shaida ya janye laifi ne mai zaman kansa.

Na yi wa Puan Salmah bayani cewa hana Bahaushe dubiya ba zai yiwu ba, a wurinmu rashin zuwan ne abin kunya. Ta dafe kai, ta kira jami'in bincike ta sanar da shi. Ya ce dubiya boleh, wato an yarda, amma kada a taɓa zancen shari'a ko da kalma ɗaya. Na faɗa wa Malam Bala, ya ce ya ji. Irin "na ji" ɗin manya ne, wanda ke nufin za a gani.

Mu bakwai muka shiga, da kulolin abinci. Pak Cik Roslan ba ya jin Turanci sosai, don haka komai ta bakina yake bi. Aka gaisa, aka yi addu'a, Nura ya durƙusa ya ba da haƙuri yana hawaye. Duk na fassara. Sai Malam Bala ya gyara zama, ya rage murya.

"Sabi'u, ka ce masa don Allah don Annabi ya janye. Yaron nan maraya ne."

"Malam, ka yafe ni, wannan ba zan fassara ba."

Mutumin nan ya girme ni da shekara ashirin, shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na zo ƙasar nan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ashe aikin ofis har ya kai ni ga haka. Pak Cik ya tambayi abin da ake cewa, na ce masa magana ce tsakaninmu wadda ba ta dace a yi a nan ba. Wata guda Malam Bala yana amsa gaisuwata da ka, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Sai dai dubiyar ba ta tsaya ba. Matan ɗalibai suka raba girki tsakaninsu suna aikawa gidan Pak Cik a Cheras, maza kuma suna kai shi asibiti a duba ƙafar. Duk zuwan da aka yi sai na rubuta shi na kai wa jami'in bincike.

Ni kuma Puan Salmah ta tura ni bin shagunan da ke mahaɗar da aka yi hatsarin ina tambayar kyamarar tsaro. A shago na biyar, wani mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, muka dace. Hoton ya nuna fitilar titi ta ɓangaren Nura kore ce, babur ne ya kutso ta gefe bayan tasa ta yi ja. Muka haɗa da wasiƙar, muka ce Nura ya sha, bai musa ba, amma ba shan ne ya karya ƙafar ba.

Mai gabatar da ƙara ya sa a sake ɗaukar bayanin Pak Cik. Ya amsa cewa sauri yake kada abincin mutane ya huce. Sai aka yi masa tambayar da ta hana ni sukuni: ko wani ya roƙe shi ya sauya magana? Jami'in ne ya gaya mana amsarsa daga baya. Ya ce mutanen nan sun yi ta zuwa gidansa har yaransa sun saba da tuwo, amma ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci kotu.

Aka sauko da tuhumar. Nura ya amsa laifinsa, aka ci shi tara mai nauyi, aka ƙwace lasisinsa, ya yi 'yan kwanaki a tsare. Ya cancanci hakan, kuma na faɗa masa ido da ido. Ya fito, ya rubuta jarrabawarsa, ya koma gida da takardarsa a hannu.

Abin da na koya shi ne, halin mutanenmu na zuwa ga wanda aka ɓata wa ba aibu ba ne, shi ya taimaki Nura. Jimla ɗaya ce a ciki da za ta iya kai shi kurkuku na shekaru, kuma aikin tafinta ne ya san ta, ya faɗa a fili cewa ba zai ɗauke ta ba.

Ranar da aka yanke hukuncin, a bakin kotu Malam Bala ya kama hannuna ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

"Sabi'u, Juma'a za mu je Cheras mu gaida Pak Cik. Kai za ka shiga gaba."