Allon Bakin Gari

A bakin garin, inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta fara, akwai wani allon ƙarfe mai ƙafa biyu. Layi huɗu ne a jikinsa: sunan garin, sai "Hedikwatar Gunduma", sai shekarar da masu fito suka kafa shi a gaɓar kogi, sai yawan mutanen da ke cikinsa. Shekara arba'in da ɗoriya hannu ɗaya ke rubuta allon nan, hannun Mai Fenti.

Mai Fenti ɗan tsamurmurin tsoho ne, farcensa bai taɓa rabuwa da shuɗi ba, ga zuciya a kusa kamar ashana. Yana saurayi ya fara hawa tsanin allon, zamanin da duk motar da za ta haye kogi sai ta kwana biyu a layin jirgin fito. A lokacin dubu tara da ɗari biyu ya rubuta, har ya yi wa taran 'yar jela don ƙawa. Aka zo aka gina gada can ƙasa, tafiyar awa guda, motoci suka daina biyowa. Ya goge ya rubuta dubu takwas. Gidan gurzar auduga ya rufe, ya sake gogewa. In rana ta bugi allon da hantsi, tsofaffin lambobin sukan leƙo ta ƙarƙashin fenti, shi kaɗai yake iya karanta su.

Da ƙidayar bana ta matso, kowa ya san abin da ke ƙasa. Doka ta ce garin da bai kai mutum dubu biyar ba za a ɗauke masa hedikwata, a mayar garin gada: kotu, ofisoshi, har da asibitin da matar Mai Fenti ke karɓar maganin hawan jini duk wata.

Ana saura wata biyu, tsautsayi ya sa surukinsa bakanike, mijin 'yarsa, wanda ke zaune a wani sashen gidan Mai Fenti da matarsa da 'ya'ya uku, ya ɗauki wani siririn buroshi a kan taga ya wanke injin babur da shi. Ashe buroshin allo ne, wanda ko matar gida ba ta taɓawa. Mai Fenti ya gan shi baƙi ƙirin da mai, ya wurga shi cikin wani gwangwani, ya fito tsakar gida ya zazzage wa bawan Allah kwandon masifa. Bai tsaya a buroshi ba, sai da ya yi masa gorin ɗaki a gaban 'ya'yansa. Abin da bai kamata ya fito daga bakin babba ba ya fito.

Washegari suka ɗaure kaya. 'Yar Mai Fenti ta durƙusa a ƙofar shagonsa tana hawaye.

"Baba, ka ce mu zauna mana. Wallahi kalma ɗaya yake jira."

Ya ci gaba da juya fenti da tsinke, ko ɗagowa bai yi ba. Suka tafi garin gada su biyar.

Bayan ƙidaya Sakataren gunduma ya aika a kira shi. Ya tarar ana ɗaure takardu da igiya. Sakatare ya miƙa masa 'yar takarda: dubu huɗu da ɗari tara da casa'in da shida.

"Huɗu kacal muka rasa, Baba. Ka rubuta wannan. Layi na biyu kuma a goge shi."

Mai Fenti ya dawo gida ya zauna a kan gwangwanin fenti. Matarsa ta ajiye masa abinci, ya ƙi duban kwanon.

"Malam, kar ka kashe kanka. Wane gida ne a garin nan ba shi da wanda ya tafi?"

"Nasu tafiya suka yi," ya ce. "Nawa korar su na yi."

Ta rufe kwanon ta bar masa.

Da safe ya ɗauki tsani. Babban buroshi ya shafe "Hedikwatar Gunduma" cikin minti biyu, kalmomin da da su ya koyi rubutun allo. Mutane suka taru a ƙasa. Da ya zo kan lambobi, sai ya ga duk siraran buroshinsa sun tsufa sun baje, babu mai jan layi. Ya laluba jaka ya ci karo da wancan na cikin gwangwani. Matarsa ce ta saka masa. Ya tsoma shi a kananzir, ya matse da tsumma, ya gwada a gefen allo.

Layin ya fito sambal. Ko gashi ɗaya bai karye ba.

Ya daɗe a kan tsanin yana kallon buroshin, har wani ya ɗaga murya: "Baba, lafiya?" Ya share ido da bayan hannu, ya fara rubuta sabuwar lambar, daga huɗu.