Tokar Maigida

Shekaran jiya a ofishinmu na Paris wata abokiyar aikina ta jawo tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, daga ɗakin tarkace ta kunna, wai ta ga ko da sauran rai. Warin ƙura mai ɗumi da tsohuwar roba ya bugi hancina, sai ga ni a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, a falon Maigida, ina 'yar firamare da kitso biyu.

Kada ka zaci Bahaushe ne. Anasara ne, dogo, mai farar gira da ta kusa rufe masa ido. Babana ne ya raɗa masa Maigida, sunan ya bi shi har a bakinmu mu yara. Tun zamanin da ordinatar ɗaya take cika ɗaki, ana ba ta umarni da katuna masu huji, shi ya kafa masana'antarsa, yana ƙera wa bankuna da manyan shaguna injinan lissafi. An ce a ganiyarsa, in ma'aikatansa suka tashi da yamma, titin unguwar cushewa yake. Daga baya ƙananan injina suka shigo daga ƙetare, masu araha, suka cinye kasuwar. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ya sayar da abin da ya rage, ya koma gida da injina uku-huɗu da ya kasa rabuwa da su.

Kafin haka ne ya ɗauki babana aiki. Baba ya zo daga Damagaram karatun injiniya, ya gama, ya yi ta buga ƙofofi, da an ga sunansa sai a ce gurbin ya cika. Maigida ya ba shi aiki, ya tsaya masa wajen takardun zama, ya tsaya masa har ya samu gidanmu na Rillieux, nan kusa da Lyon, ya kuma sa hannu aka kawo Inna. Shi ya sa ko bayan masana'antar ta mutu, duk Lahadi muna gidansa. Ranar Sallah kuwa cinyar rago tasa ce. Baba ba ya zama sai ya zauna, shi kuma tsohon ya yi ta faɗa a kan haka, a banza.

Da ƙarfinsa ya ƙare, ɗansa ya mai da shi gidan tsofaffi a Paris. Can ya rasu, a farkon sanyi, lokacin da ganyaye ke zuba.

Da labarin ya iso mana, Inna ta wuni a kicin. Ta yi dambun zogale, ta soya nama, ta cika manyan kuloli biyu, ta ƙulle goro da dabino, don ai ba a shiga gidan makoki hannu rabbana. A lissafinta, mutumin da ya ciyar da gidaje masu yawa haka, zaman makokinsa sai an rasa wurin taka ƙafa. Baba ya sa babbar rigarsa ta shadda a ƙarƙashin kwat. Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka gidan gwaggona a unguwar Belleville ta Paris, daga nan muka kinkimi kuloli zuwa maƙabarta.

Aka shigar da mu wani ɗaki mai kujeru a jere. Mutanen da ke ciki ba su cika layi biyu ba. Ɗansa ya miƙe ya yi 'yar magana, aka sa kiɗa. Baba ya matsa gaba yana naɗe hannun riga, don shi jira yake a ce a ɗauki gawa ya sa kafaɗa. Sai bango ya buɗe, akwatin ya shige a hankali, bango ya rufe. Mutane suka fara ɗaukar jakunkunansu.

Inna ta dubi gwaggo ta ce, “Ina suka kai shi?”

Gwaggo, wadda ta daɗe a Paris, ta sunkuyar da kai ta ce, “Ƙona shi za su yi, Yaya.”

Inna ta saki kular da ke hannunta, murfin ya fice, dambu ya watse a kan tayil. Salati kawai take yi. Ni kuwa sai na tuna hannun da ke miƙo mini cakulan. Baba bai yi motsi ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko a ranar da aka bugo masa rasuwar mahaifinsa.

A waje Baba ya tari ɗan Maigida, ya yi masa gaisuwa irin tamu mai tsawo har mutumin ya soma duba agogo, sannan ya tambaye shi inda kabarin zai kasance. Ya ce babu kabari. Akwai wani fili mai ciyawa a baya, ma'aikata za su watsa tokar a can, ba sai kowa ya jira ba, shi ma jirgi zai bi ya koma ƙasar da yake aiki.

Baba ya ce da shi cikin Faransanci, “To ka ba ni shi.”

Ɗan ya ɗaga kafaɗa, ya ce in yana so.

Washegari Baba ya dawo gidan gwaggo rungume da wata 'yar tukunya mai murfi, ba ta fi tulun fura ba. Inna ta ja da baya har ta bugi bango.

“Malam, toka fa? Tokar mutum? A gidan da muke sallah?”

“Shi ya samo mana gidan,” in ji Baba.

A jirgi ya ɗora tukunyar a cinyarsa, hannu biyu, daga Paris har Lyon. Inna ta canza kujera ta ja ni kusa da ita. Ni ina ta satar kallo, na kasa gane yadda mutum mai tsawon Maigida, da girarsa da masana'antarsa da duk injinansa, zai shiga abin da ake riƙewa a cinya.

Da muka isa, Inna ta ce a kai shi ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene. Baba ya ce ba zai ajiye ubangidansa cikin tsofaffin kekuna ba. Aka tsaya a baranda, nan ya ɗora shi a kan kujera. Kwanaki suka wuce yana zirga-zirga a ofishin magajin gari neman izinin binnewa, gidan kuwa ba mai magana da wani. Wasu abokansa suka ce ya ɗauko wa kansa abin da ba nasa ba, wasu suka ce alheri ne, ba laifi. Wata safiya aka tashi da ruwan sanyi mai iska, na fito zan tafi lakwal, wato makaranta, sai na ga Inna a baranda. Ta ciro sabon farin yadi daga akwatinta tana naɗe tukunyar, tana kuka tana mita.

“Bawan Allah, ko likkafani ba su yi maka ba.”

A cikin yadin nan aka sa shi a ƙasa, a maƙabartar Rillieux. Mu uku ne da mai haƙa. Baba ya karɓi shebur ya mai da ƙasar da hannunsa.

Yau ni ma aikin ordinatar nake ci da shi. A ofishinmu babu wanda ya taɓa jin sunan masana'antar Maigida, wurinta ma gidajen ɗalibai ne yanzu. Mu kuma in aka yi rasuwa, saƙo muke turawa ta waya mu koma bakin aiki, har da ni. Baba ya tsufa, gwiwa ta hana shi hawa bene, amma duk farkon sanyi sai ya hau bas ya je ya cire ciyawar kabarin nan. Bara na raka shi. Na ga bakinsa yana motsi, na tambaye shi ko addu'a yake yi.

Ya ce, “Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, 'yata. Ni gaishe shi nake yi. Ba shi da wani mai zuwa.”