Likitan Auta

Katanga ɗaya ce tsakanina da Likita tsawon shekara talatin da ɗoriya. Bai taɓa yi wa kowa allura ba. Ni na raɗa masa sunan, saboda yadda yake dafa bakin sukundireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron ƙirjin jariri. Tun yana hararata har sunan ya bi shi.

Direban wani kamfani ne, da ya bar aiki aka sallama masa motar da yake ja, wata shuɗiya mai faɗin goshi. 'Ya'yansa biyu, babban namiji da ƙanwarsa, amma duk layinmu mun san su uku ne, motar ce Auta. Kullum da safe sai ya buɗe bonet ya duba ruwa da baƙin mai, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da ɗan yatsa. Tsummansa ma kashi-kashi ne, na gilashi daban, na jiki daban. Ranar da matarsa ta goge tukunya da na gilashin, kwana biyu yana gaishe ta a tsaye.

Nakan leƙa ta saman katanga in ce, "Likita, ya mai jiki?"

"Ta fi ka lafiya. Kai da ko keke ba ka iya riƙewa ba."

Gaskiyarsa, kekena tsatsa ce ta cinye shi.

Yaran nan a gindin motar suka tashi. Babban yakan tsere da an ce miƙo sifana. Ƙaramar, wadda yanzu malamar makaranta ce, ita ke riƙe masa kwanon da yake wanke filogi, har ta koma ɗaki da baƙin hanci.

Da ido ya fara yi masa gardama, aka ce a asibiti ya haƙura da tuƙi. Bai yi musu ba, tunda ya riga ya goge gefen ƙofar gidana da madubi, abin da bai taɓa yi ba. Damuwarsa ɗaya, hannun da Auta za ta faɗa. Kowa ya ɗauka na babban ce, shi ma har ya share mata wuri a gidansa.

Wata safiya Likita ya kira ni, ya miƙo mini roba. "Tara nan ƙasa." Ya kwance lagireto, ruwan ya tsiyaye tas.

"Kashe ta za ka yi don kada a gada?"

"Rufe bakinka, in ka iya."

Babban ya fara zuwa, da takalmi mai ƙyalli. Uban ya ba shi makulli ya ce ya ɗan zaga da ita. Gogan ya faɗa kujera, ya murza, ya danna mata wuta.

"Kashe! Kashe!" Likita ya buga rufin da tafin hannu. Ya karɓe makullin. "Je ka gaida mamarka."

Can wajen azahar malama ta iso, ba ta san komai ba. Ya ba ta makullin. Ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga, ta ɗaga bonet. Ta buɗe murfin lagireto, ta leƙa ciki. Ta juyo idonta ya ciko.

"Baba, ba ɗigon ruwa a ciki. Ka fara mantuwa ne? Tun yaushe?"

Ni dai dariya ta ci ƙarfina, na ɗago robar daga bayan katanga. Ta dube ni, ta dubi uban.

"Kawu, har da kai? Tsofaffi biyu!"

Ita ta zuba ruwan da kanta. Babban ya yi fushin mako guda, ya dawo ya ce dama ba ya son mota marar na'urar sanyi.

Ranar da za ta tafi da Auta, ta ce sai uban ya raka ta. Ya zagaya ya shiga gefen mai zaman banza, ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya ɗora a gwiwa, ya sauke, ya kama bakin taga.

Na ce, "Likita, yau kai ne kaya."

Ya juya wajen 'yarsa. Ya ce da ita, "To, mu je. Ki bi ta a hankali, ba ta son gaggawa."