Kyamarar da Ke Cin Kunnen Na Gefe

Shagon Baba Ƙyas yana ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da tabarau. Faɗi kam yana da shi daidai gwargwado, zurfi ne Allah bai ba shi ba. Daga labulen da ake tsayawa a gabansa zuwa bangon da mai hoto ke jingina, bai fi tsawon gado da rabi ba. A jikin bangon akwai wani baƙin tabo mai siffar bayan mutum, inda rigarsa ta yi shekara da shekaru tana goge fenti, don kullum so yake ya ƙara ja da baya, kullum bango na hana shi.

Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Duk sa'ad da zai danna kyamara sai ya ce "ƙyas!" da ƙarfi, kamar bai yarda ita kaɗai za ta iya yin ƙarar ba. Sunansa na gaskiya kuwa matarsa ce kawai ke tunawa da shi, ita ma sai ranar faɗa.

Tun zamanin fim ya koyi sana'ar, lokacin da ake shiga ɗakin duhu a fito da yatsu suna warin magani. Da fim ya fara ɓacewa daga kasuwa, shi ne na ƙarshe a layin da ya sallama. Ya sayo kyamarar zamani yana ƙunƙuni, ya ɗaura mata tsohon lens ɗinsa, gilashin nan na gaba da yake ji da shi fiye da haƙoransa. Iyalin farko da suka shigo suka tsaya inda kowa ke tsayawa tun da can, shi ma ya jingina inda ya saba. Da ya duba hoton, sai ga gwaggon da ke gefe babu kunne babu kafaɗa. Kawun da ke ɗaya gefen kuwa hancinsa kaɗai ya samu shiga.

Ko shago bai rufe da kyau ba ya koma wurin mai kantin da ya sayar masa da ita, yana cika yana batsewa.

"Baba, ba lalacewa ta yi ba," in ji mai kanti. "A cikinta akwai ɗan allo da haske ke sauka a kai, sensa ake ce masa, shi ya maye gurbin fim. To na wannan bai kai faɗin fim ba, shi ya sa take ɗaukar tsakiya ta bar gefe. Kurof ke nan. Mai cikakken allo daidai da fim ita ce ful-firem."

"Wato rabin kyamara ka sayar mini."

"Ba rabi ba ne, Baba."

"To ina kunnen matar mutane?"

Mai kanti ya ba shi wani lens mai buɗewa ya je ya gwada. Kunnuwa dai sun dawo, amma duk wanda ya tsaya a gefe sai kansa ya miƙe ya koma kamar gwanda. Baba Ƙyas ya mayar masa da abinsa. Tunda bango ya ƙi matsawa, kyamara ta ƙi buɗewa, sai ya yanke cewa mutane ne za su matsa.

Nan ya gano baiwarsa. Ba a yi wanda ya kai shi iya cusa mutum tara a inda zai ɗauki huɗu ba. "Ke mai jan mayafi, kunnenki na waje. Maigida, ranka ya daɗe, tumbinka kaɗai ya cinye rabin hoton, juya gefe. Uwargida, mijinki ne fa, ba mai karɓar haraji ba, jingina da shi." Sai a shigo masa fuska a ɗaure, an yi faɗa a mota, ya yi ta turawa yana haɗawa har wani ya taka wani, wata ta fashe da dariya, shi kuma ya danna. Yakan bugi ƙirji ya ce auren da ya gyara a shagon nan ya fi na alƙali yawa. Ƙarya ce, amma ba duka ba.

Abin haushin shi ne, mai gyaran gidajen mutane ya kasa gyara nasa. 'Ya'yansa biyu ne, maza, duk sun yi aure. Babban yana aikin sanya na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani, ana ce masa Injiniya, kuma ya ɗauki sunan da muhimmanci fiye da kima. Ko cokali zai saya sai ya bincika ƙarfen da aka yi shi da shi. Ƙaramin, Auta, direban motar rarraba kaya ne, mai fara'a, mai saurin fushi, mai saurin mantuwa da komai ban da abin da aka faɗa masa. Wata rana ya ari motar yayansa ya dawo da ita ƙofa a loɓe. Injiniya ya zagaya motar, ya dube shi a gaban matansu duka biyu, ya ce, "Kai dama tun kana yaro ba a ba ka abu ya dawo da rai." An gyara ƙofar, an ma sayar da motar tuntuni, amma maganar tana nan inda aka ajiye ta.

Tun daga ranar ba sa ga-maciji. Kowa zai zo gaida iyaye sai ya fara buga wa uwarsu waya: "Mama, wancan yana nan?" In yana nan, sai a fasa. Baba Ƙyas ya yi kamar ko a jikinsa, yana cewa ai ba yara ba ne. Amma abin na cin sa. Bangon shagonsa cike yake da iyalan mutane an matse su kamar kifin gwangwani, hoton ƙarshe na 'ya'yansa tare kuwa Auta ko gemu bai fara ba.

Ana nan, ran nan kyamarar ta shaƙe a tsakiyar aiki, wani ɗan sanda na tsaye yana riƙe da murmushin da ya sha wahala kafin ya samo. Aka kai ta wurin mai gyara. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe. "Baba, ta yi iya kwananta. Ka yafe mata."

Uwar yaran ta ba kowannensu labari a waya daban. Injiniya ne ya fara zuwa, da bayani a cikinsa kamar zai fashe.

"Baba, ful-firem zan kawo maka. Ka huta da tura mutane. Lens ɗinka zai koma gani kamar zamanin fim, kowa ya tsaya a sake. Ko an ɗauke wuta, ɗan hasken ƙofa ya ishe ta. Kuma tana narkar da baya, ba wanda zai ƙara ganin facin da ke jikin labulen nan."

"Facin me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba, Baba. Tsufa ya yi."

Washegari ga Auta. Ya riga ya ji abin da aka faɗa, don uwarsu ba ta iya riƙe magana ba.

"Baba, kar ka bari a ɗora maka dutse a wuya. Wannan babbar, ka yini da ita a hannu, da wuyan hannun naka da kake shafa wa magani? Sabuwar kurof zan kawo maka, ƙanwar tsohuwar taka. Madannanta duk inda ka saba suke, batirinka zai shiga. Waccan kuwa hoto ɗaya sai kwamfutarka ta yi tari kafin ta buɗe shi. Ɗanka dai yana son a ce shi ya sayi babba."

Abin da ya fi ba Baba Ƙyas haushi shi ne duk su biyun gaskiya suka faɗa. Ruwan ido ya kama shi. Da safe sai ya tuna faɗin fim, ya ji yana marmarin ganin iyali a tsaye ba a cinye wa kowa kunne ba. Da rana wuyan hannu ya motsa, sai ya koma bayan ƙaramar. Mai gyaran waya ya leƙo ya ba da shawara cewa ai yanzu waya ma ta isa, aka kore shi da tsintsiya.

Matarsa ce ta fasa masa ƙwan, tana ninke wanki ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kai kana ta auna kyamara. Duk wadda ka ɗauka, ɗa ka zaɓa. Wanda ka mayar wa da tasa ba zai ƙara taka gidan nan da daɗin rai ba. Ni dai na faɗa maka."

Ya san haka tun kafin ta faɗa, shi ya sa ya ji haushinta. Ya yi kwanaki yana juya abin, sannan ya buga wa kowannensu waya. Ya ce ba ya karɓar abin da bai gwada ba, a roƙi mai kanti ya ba da aro, a kawo masa shago ranar Asabar da yamma. Bai gaya wa kowa cewa ɗayan ma zai zo ba.

Suka yi kiciɓis a bakin ƙofa, kowa rungume da kwali. Auta ya juya zai koma, uban ya daka masa tsawa daga ciki. Suka shigo, kowa ya durƙusa ya gaida shi, kowannensu ya yi kamar su biyu ne kawai a ɗakin, shi da uban.

"Ba na gwada kyamara a kan kujera," in ji Baba Ƙyas. "Mutum nake so. Ku tsaya can."

Suka tsaya a gaban labule, Injiniya a wannan ƙarshen, Auta a wancan. Baba Ƙyas ya ciro babbar daga kwali, ya ɗaura mata tsohon lens, ya jingina da tabonsa na bango. Nauyinta ya sauka masa a wuyan hannu nan take. Ya kai ido.

Injiniya bai yi ƙarya ba. Ga su nan duka biyu, cikakku, ba kunnen da ya ɓata. Ga furfurar da ta fara fito wa babban a gefen kai, wadda uban bai taɓa lura da ita ba. Ga Auta ya cije baki irin na uwarsa. Wannan na kallon dama, wancan na kallon hagu. A tsakaninsu kuma ga fili, faɗin ƙofa guda, ba kowa a ciki sai labule. Da tsohuwar kyamararsa ce da ba ta yarda ta ɗauki irin wannan tsayuwa ba. Wannan kuwa ta kwaso masa komai tas, ta ajiye masa a ido.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya tsufa, ya sani. Ya ga cewa in ya faɗi gobe, haka za su tsaya a kansa, kuma babu wanda zai ce musu komai.

"Ba ku shiga ba," ya ce. "Ku matso."

Injiniya ya yi 'yar dariya. "Baba, ful-firem ce fa. Daga inda kake har makunnin fitila tana ɗauka. Na auna."

"Ni ke dubawa ko kai?"

Auta ya ji abin da ya fi zuma. "Ai na faɗa," ya ce wa labule, "girman banza ne." Ya tako zuwa tsakiya da sauri, yana murna zai taimaka a kunyata kyamarar yayansa.

Saura Injiniya. Ya buɗe baki zai kare kayansa, don yana da hujjoji har da na ajiya. Sai idonsa ya sauka kan uban. Nan ya gane ba kyamarar ake gwadawa ba. Tsohon ya ƙi ɗago fuska daga bayanta. Injiniya ya rufe bakinsa. Mutumin da bai taɓa yarda an kayar da shi a musu ba tun yana makarantar firamare ya ja ƙafa ya matso.

"Har yanzu kafaɗarka na waje. Ƙara."

Ya ƙara, har kafaɗa ta haɗu da kafaɗa. Duk suka sandare kamar an jiƙa su da ruwan sanyi.

"Ka taka mini takalmi," in ji Auta, ta gefen baki.

"To janye ƙafar, ta cika wuri."

"Gado na yi. Dubi taka."

Baba Ƙyas ya danna, ya sake dannawa, sannan ya juya baya yana goge lens da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Injiniya ya zo ya fara haɗa kwalinsa a hankali.

"Tunda ba ta ɗauka, Baba, sai ka riƙe ƙaramar. Ta fi dacewa da hannunka."

Nasara ta hau wa Auta ka. Bai gamsu da jin ta a kunne ba, sai ya gani da ido. Kafin uban ya ankara ya zare kyamarar daga hannunsa, ya danna madannin duba hoto, bakinsa a shirye da dariya.

Ga su nan a tsakiya, a manne, fuska a murtuke. Dama da su fili, hagu da su fili, kowane gefe sai a ajiye babur. Har makunnin fitila ya fito.

Dariyar ta ɗauke. Ya dubi uban, uban na neman wani abu a cikin aljihun tebur da babu komai a cikinsa. Ya dubi yayansa, wanda ya san da filin nan tun kafin ya ɗaga ƙafa, ya kuma bari aka ce kyamararsa ta gaza. Injiniya ya ɗaga kai yana nazarin silin.

Auta ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya miƙa wa uban da hannu biyu.

"Gaskiya ba ta ɗauka sosai, Baba," ya ce. "Sake gwadawa."

Ya koma gaban labule ya tsaya a tsakiya, yana jiran yayansa.