Umaru, Mai Rufe Mana Baya

Shekara tara ke nan da muka kai Umaru makwancinsa a Argungu. Ba hatsarin mota ne ya ɗauke shi ba, ko da yake haka mutane ke zato idan suka ji irin son da yake yi wa mota. Jinya ce ta ɗan lokaci, a ɗakinsa, iyalinsa na gefe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Mu wasu 'yan tsiraru ne a Birnin Kebbi da Allah Ya jarrabe mu da son tsofaffin motoci. Cikinmu har da Bitrus mai sayar da kayan gyaran mota, mutumin Filato da ya daɗe a garin nan. Shi ya fara yi mana gori, wai mu mutanen fadama ba mu san tuƙi ba, tunda hanyarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Gorin nan ne ya kai mu duwatsun Zuru, daga nan kuma abin ya zame mana jiki. Da damina ta ja baya, tsaunuka na kore shar, sai mu fita ranar Asabar da sassafe, mu bi ta Jega da Koko, mu kwana can. Ran Lahadi mu jira Bitrus ya fito coci, sannan mu juyo.

Muna da doka guda: motar ƙarshe ba ta wuce kowa. Mai rufe baya shi ke ɗaukar igiyar ja da jarkar ruwa da fambel, kuma duk wanda motarsa ta tsaya, tare za su tsaya. Da farko karɓa-karɓa muka ce za a yi, amma Umaru ya riƙe wurin ya hana kowa. Tun ran Juma'a yake isowa daga Argungu da soyayyen kifi cike da kwando, Marsandinsa kuwa ta fi ta kowa lafiya. Ni da ƙafata ke da nauyi a kan totur, abin haushi yake ba ni. Na taɓa ce masa, “Kai Umaru, mota irin wagga, mi kake yi baya awa jela?” Ya yi dariya ya ce, “Ku dai tahi. Ni ina ganinku duka.”

Bayan rasuwarsa mun ɗan gwada karɓa-karɓar, kowa na ƙunƙuni, har aka bar ta kafin ma layi ya zo kaina. Sai hanya ta lalace, tsoro ya shigo, muka yi shekaru ba mu leƙa ba. Nakan tambayi kaina me Umaru zai ce da ya ga yau, da mutum zai hangi mota a gefen daji an ɗaga bonet, ya ƙara wuta ya wuce. Ba na ganin laifin mai wucewa, wallahi, don ni ma na sha wucewa. Amma na san Umaru ba zai iya ba, kuma ban san ko zamanin nan zai bar shi da rai a kan haka ba.

Bana Bitrus ya rufe shago. Ciwon suga ya ci ƙarfinsa, 'ya'yansa sun matsa ya koma gida. Abu guda ya roƙa kafin ya tafi: ya sake ganin duwatsun nan, kuma a cikin tsohuwar Fijonsa. Muka yi tambaya aka ce hanya ta yi sauƙi, in dai ba a kai yamma ba. Samarin da suka shigo cikinmu daga baya, masu motoci 'yan yayi, suka ce Baba Bitrus ya shigo tasu ya sha sanyi. Ya ce, “Ban ce a kai ni ba. Cewa na yi zan je.”

Da muka taru a gidan mai, na ce wa ke rufe baya? Wani yaro mai kirki, ba da raini ba, ya ce, “Baba, ai akwai waya.” Haba! Waya ce za ta ja mota? Raina ya ɓaci, na jefa igiya da jarka a but, na koma baya da kaina, karo na farko a rayuwata.

Jama'a, bayan nan ba wurin hutu ba ne. Ƙafarka na kan birki, idonka na kan hayaƙin wani, hanya a buɗe amma ba taka ba ce. Muna wuce Koko lagireton Bitrus ya tafasa. Muka tsaya, muka jira ya huce, muka zuba ruwa. Ba mu yi nisa ba ya sake. Samari suka bugo waya sun isa tuni, suna ta ɗaukar hoto, wai mu hanzarta. Ni kuwa bakina bai huta ba, na zagi Fijo, na zagi wanda ya ƙera ta, na ce wa Bitrus taurin kansa zai kashe mu. A hawan farko kulocin Fijon ya ce ga garinku nan. Na ɗaura igiya na ja shi, yana riƙe da sitiyarinsa, har kwanar da kwari ke buɗewa a ga gonakin dawa sun gangara zuwa rafi. Ba mu kai ƙololuwa ba, motata ba za ta iya ba.

Ya fito da ƙyar, ya jingina da ƙofa, ya daɗe yana kallo. Na ga idonsa ya kawo ruwa, nawa ma haka. Sai ya ce, “Da Umaru ne, da ya ja ni ba tare da wannan mitar taka ba.” Na ce ai sai ka je ka taso shi.

Bitrus ya koma gida. Ni na gaji, gwiwa ta gaji, ido ya fara gardama, ba na jin zan sake hawa dutsen nan. In an tambaye ni me ya rage na Umaru, ba zan ce haƙurinsa ba, don bai bar wa kowa cikinmu shi ba. Abin da ya rage shi ne wurin nan da ya riƙe, wanda har gobe ba mai so. Ran nan a can bakin kwarin, muna jiran bakanike daga Zuru, Bitrus ya juyo ya ce da ni, “Alhaji, ka taɓa tunani? Duk shekarun nan, da motar Umaru ce ta mutu, ba wanda zai sani sai mun isa.”