Matar Ƙarshen Layi

Jama'a, wallahi wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarar da aka samu 'yancin kai ina malamin asibiti a wani ɗan shakatafi, wato ƙaramin asibitin ƙauye, a ƙasar Bagudo, dab da iyakar Dahomai, wadda yanzu kuke ce wa Benin. Ni ne likita, ni ne mai allura, daga ni sai Baba Manu mai shara.

Da bazara sankarau ya ɓarke, mutane na ta kwararowa ta ƙasa da ta kwalekwale, na yi sati uku ban san ɗanɗanon abinci ba, ga zuciya a wuya, kowa ya yi magana sai in hau shi da faɗa. Ran nan wata Bafillata ta tsallako iyaka goye da ɗanta na fari, ta tsaya gefena shiru. Na ce, "Baiwar Allah, mi ya samu yaron?" Ta kawar da kai ta ce, "Ba komi, Malam, ɗan zafin jiki ne." Na daka mata tsawa ta koma ƙarshen layi.

Kaico! Ni da na tashi cikin Fulani, na san ba a nuna damuwa kan ɗan fari, kunya ce ta rufe mata baki. Gajiya ta mantar da ni. Kafin layi ya iso kanta, wajen azahar, yaro ya cika a bayanta. Ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni, ta gyara zane ta tafi.

Daga ranar, kullum rana ta take tsaka sai in hango ta a ƙarshen layi da goyonta. In layi ya ƙare, wayam. Na rame, na daina barci, ina tsoron hankalina ne ke tafiya. Na gaya wa Baba Manu, ya ce, "Yi shiru, ɗana, in aka ji mai magani ya taɓu, wa zai sake miƙo maka hannu?" Da babbanmu ya zo rangadi na roƙi hutu, ya yi dariya ya ce ai namiji ba ya raki. Haka na haɗiye har na ajiye aikin da nake so kamar raina.

Na yi shekaru ina lallashin kaina cewa gajiya ce kawai. Sai a kasuwar Kaoje na gamu da wanda ya gaje ni a shakatafin, baƙo ne, bai san komai ba. Muna gaisawa ya ce, "Malam, wai wace Bafillata ce mai goyo da ke bin layi kullum, amma ba ta taɓa isowa gabana ba?"

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Don Allah in kun ga ma'aikacin asibiti yana faɗa, ku tambaye shi yaushe rabonsa da hutu. Ku kuma 'yan'uwana masu farin kaya, ku fara duba wadda ta yi shiru.