Kintinkirin da Ya Ƙi Tsinkewa

Duk wanda ya hau tudun cocin Bonfim a birnin Salvador a shekarun baya ya ga Anacleto. Dogo ne, da hular kaba, hannunsa na hagu lulluɓe da kintinkiri kala-kala. Tare muka yi makarantar mishan, amma ya bari da wuri, ya gaji sana'ar mahaifinsa a ƙofar coci.

Baƙi masu yawon buɗe ido sukan iso bayan sun zaga tsohon gari da kasuwar bakin teku, shi kuwa ya tare su. Yakan ɗaura wa mutum kintinkiri a wuyan hannu, ƙulli uku, kowane ƙulli da roƙonsa a zuci. Ba a kwancewa, ba a yankewa. Ranar da ya tsinke don kansa, ranar buƙata ke biya. A zamanin mahaifinsa na auduga ake yi, wanka da gumi su cinye shi ba da jimawa ba. Daga baya aka koma yin na roba mai sheƙi. Anacleto bai ga aibunsa ba, don baƙi sun fi son sa.

Matarsa Jandira tana suyar ƙosai da manja a gindin tudun. Da ta soma rama, likita ya ce ciwon daji ne, sai Anacleto ya zaɓi shuɗi a cikin kayansa.

"Ashe kai ma ka yarda da hajar taka, tsoho?" in ji ta, tana dariya. "Na ɗauka baƙi kaɗai kake yi wa daɗin baki."

"Miƙo hannu, sarkin surutu."

"Me ka roƙa?"

"Ba a faɗa."

"Ai idonka ya riga ya faɗa."

Damina ta wuce, wata ta kama. Hannun Jandira ya tsotse har kintinkirin yana zamewa zuwa gwiwar hannu, amma ko zare ɗaya bai tashi a jikinsa ba. In Anacleto yana wanke mata hannu, sai ya riƙa cuɗa shi da sabulu kamar ba da gangan ba.

"Bar yi wa Allah maguɗi," takan ce masa.

A asibiti wata nas ta ɗauko almakashi za ta yanke shi don ƙarin ruwa. Anacleto ya riƙe hannun nas ɗin yana magiya har ta koma ɗaya hannun Jandira.

Jandira ta rasu ranar Juma'a, tudun cike da masu ibada cikin fararen kaya, kamar kowace Juma'a. Da kintinkirin aka binne ta, shuɗinsa kamar ranar da aka ɗaura. A maƙabarta Anacleto ya ce mini, "Teodoro, da na mahaifina ne, da tuni ya tsinke. Ni da hannuna na ɗaura mata wanda ba ya tsinkewa."

Na tuna masa abin da aka koya mana, cewa rai a hannun Allah yake, ba a ƙyalle ba. Ya gyaɗa kai kawai.

Ya koma ƙofar coci, amma ya daina tare kowa. Yakan zauna a kan matakala yana goga kowane kintinkiri a jikin dutse har ya koɗe, zarensa ya tashi, sannan ya rataya shi a hannu. Baƙi su duba, su wuce wurin masu sayar da sababbi.

"Baba Anacleto, yanzu tsumma kake sayarwa?" in ji 'yan'uwansa masu talla.

"Nawa yana tsinkewa," yakan ce, bai ko ɗaga kai ba. A kan wannan matakalar ya ƙarasa sauran kwanakinsa.